Kai wace dabba ce taka?

Wannan makon ni aka ba fili. Tun da wuri ina neman afuwar wanda bai karanta littattafan da zan yi magana a kansu ba, domin zan tona har ƙarshensu. Wanda ba ya so a rage masa daɗi, ya dakata a nan.

Littattafan su ne guda ukun nan na Philip Pullman, marubucin Ingila, waɗanda ya haɗa ƙarƙashin suna ɗaya, His Dark Materials. Na farko, Northern Lights, ya fito a 1995, kuma shi ne Amurkawa suka sani da The Golden Compass. Na biyu, The Subtle Knife, a 1997. Na uku, The Amber Spyglass, a 2000, shi ne ma littafin yara na farko da ya taɓa lashe babbar kyautar Whitbread ta gwarzon littafin shekara. Labari ne mai faɗi ƙwarai. Akwai yaƙi a sararin sama, akwai wuƙar da ke yanka ƙofa tsakanin duniya da duniya, akwai fararen beyar masu sulke, akwai ƙasar matattu. Amma ka tare wanda ya karanta su shekara goma da suka wuce, ka ce ya ba ka labari. Yaƙin ya bi ruwa. Dabbobin zai fara lissafa maka, kafin ka ankara ya jefo maka tambaya: kai wace dabba ce taka?

Ga yadda abin yake. A duniyar Lyra, yarinyar da labarin ke bi, ran mutum ba a cikin ƙirjinsa kaɗai yake ba. Wani sashe nasa yana waje, yana tafe kusa da shi cikin siffar dabba, yana da suna, yana magana, har gardama yana yi da mai shi. Pullman ya kira wannan halitta dæmon. Ni zan riƙa cewa abokin rai. Yawanci na namiji mace ce, na mace kuma namiji ne. Ba sa iya yin nisa da juna, taku kaɗan ne ciwo zai kama su duka biyun. Abin da ya sami ɗaya, ɗayan zai ji a jikinsa. Ran da mutum ya mutu, dabbar sai ta watse kamar hayaƙi. Sa hannu a jikin abokin ran wani kuwa shi ne ƙarshen keta mutunci, ko a fagen fama ba a yi. Sai kuma dokar da ta fi kowace: na yara suna rikiɗa yadda suka ga dama, yanzu tsuntsu, an jima kyanwa, amma da zarar yaro ya fara balaga sai dabbar ta tsaya a siffa ɗaya har mutuwa. Pantalaimon na Lyra, wanda take kira Pan, ya fara bayyana ne a shafin farko a matsayin ɗan ƙwaron nan mai zagaya fitila da dare. A ƙarshen littafi na uku ya tsaya a wata 'yar dabbar kurmi mai kama da tunku.

Pullman ya sha faɗa a hirarraki cewa da farko duk dabbobin rikiɗa suke yi, na yara da na manya, kuma labarin bai tashi ba sai ranar da ya faɗo masa cewa na manya su tsaya. Masu karatu ma a nan suka maƙale. Da aka yi fim ɗin littafin farko a 2007, shafin fim ɗin ya sa wasu tambayoyi da mutum zai amsa a fitar masa da dabbarsa, jama'a kuwa suka yi ca a kai. Shi kansa marubucin an dame shi da tambayar har ya ba da amsa: nasa daga dangin hankaka yake, irin tsuntsun da ke satar abu mai ƙyalli, tunda aikin mai ba da labari ke nan. A cikin littafin ma akwai mai irin wannan kwaɗayi namu. Iofur Raknison, sarkin fararen beyar, ba shi da abokin rai domin shi ba mutum ba ne, sai ya sa aka ɗinka masa ƙatuwar 'yar tsana yana ɗora ta a cinya yana kwaikwayon mutane. Da wannan kwaɗayin Lyra ta yaudare shi har ya rasa sarauta da rai. Duk lokacin da na ga manya da gemunsu suna gardamar ko nasu zaki ne ko damisa, Iofur nake tunawa.

To amma son mallakar dabba mai magana ba shi ne ya sa mutane kuka ba. Labaran yara cike suke da dabbobi masu magana, ba wanda ya hana mu barci. Abin da ya bambanta wannan shi ne wurin da na tabbata duk wanda ya karanta littafin farko bai manta ba. Ana satar yara ana kai su can arewa mai ƙanƙara, wani wuri da ake kira Bolvangar, ba wanda ya san abin da ake yi musu. A hanya Lyra ta ji labarin wai akwai fatalwa a wani ƙauyen masunta. Ta je, ta buɗe rumfar da ake shanya kifi, sai ta tarar da yaro, Tony Makarios, a rakuɓe cikin sanyi. Ba rauni a jikinsa, ba jini. Dabbarsa ce kawai babu. An yanke ta. Yana rungume da busasshen kifi a ƙirji, yadda kowane yaro ke rungume nasa abokin ran, yana ta tambayar ina Ratter take.

Ku duba aikin da aka yi kafin a kawo mu nan. Kusan rabin littafin Pullman ya kwashe yana saba mana da ganin kowa da dabbarsa, ba tare da ya tsaya yi mana lacca ba. Mun ga Pan yana kwana a wuyan Lyra. Mun ga ranar da ya ja ta da gangan zuwa wajen Iorek, beyar ɗin da take tsoron tunkara, har zafin nisan ya sa ta rugo da gudu tana kuka. Mun ga birin Uwargida Coulter mai launin zinare ya danne Pan, Lyra tana murƙususu alhali ba wanda ya taɓa ta. Saboda haka da aka buɗe rumfar kifin, ba sai an ce mana abin tsoro ne ba. Mu da ba mu taɓa mallakar abokin rai ba, sai muka ji kamar mun ga mutum ba kai. Yaron ya mutu ba da jimawa ba. Da Lyra ta je ganin gawarsa ta tarar an ɗauke kifin an jefa wa karnuka, ta yi wa manyan mazan da ke wurin tatas, sannan ta sassaƙa sunan Ratter a jikin tsabar zinare ta sa masa a baki. A wurina wannan kifin ya fi duk yaƙin da ke littafi na uku nauyi.

Haka mutuwar Lee Scoresby a littafi na biyu, matuƙin balan-balan ɗin nan da zomanyarsa Hester. Shi kaɗai ya tare sojoji a wani kwazazzabo don abokin tafiyarsa ya tsira. Jarumin da ya tsaya shi kaɗai ya mutu, ai mun karanta irinsa ba adadi. Abin da ke karya zuciya shi ne ba shi kaɗai ba ne: ita ke ƙirga masa harsashi da abokan gaba, suna 'yar gardamarsu irin ta tsofaffin ma'aurata, a ƙarshe ta lallaɓo ta manna fuskarta da tasa. Mai karatu ya san doka, ya san ba wanda zai rage ya yi makokin wani.

Mu ma a ƙungiyarmu ta marubuta mun karanta su bara, mu bakwai, da kwafi ɗaiɗai na gwanjo da muka riƙa zagayawa da su hannu zuwa hannu, har bangon na farko ya rabu da jikinsa. Abin da ya ba ni sha'awa shi ne wuraren da muka tsaya ba duka ne inda Turawa ke tsayawa ba. Da farko sunan kansa ya kawo cikas, domin ana furta shi daidai da kalmar Ingilishi ta shaiɗani, har wata 'yar uwa ta ce ita ba za ta karanta labarin yara masu yawo da aljanu ba. Sai da aka yi mata bayani cewa kalmar tsohuwa ce daga Girkanci, irin muryar nan da Socrates ya ce tana hana shi idan zai yi abin da bai dace ba. Daga nan muka shiga neman yadda za a ce da Hausa. Wani ya ce kurwa, kuma wallahi ya kusa. Mun taso muna jin cewa maye na kama kurwar mutum ya ɓoye, mai ita ya kwanta yana ramewa, ba ya warkewa sai an tilasta mayen ya sake ta. Wanda ya taso da wannan labari ba ya bukatar dogon sharhi a kan Tony Makarios, da ganinsa ya san yaron da aka kama wa kurwa ne. Sai dai kurwa ba ta da suna, ba ta ba ka shawara, ba ta yi maka tsiwa. Shi ya sa na haƙura da ita na ce abokin rai, ko da yake ni ma bai gamsar da ni sosai ba.

Inda aka yi zafi shi ne batun karnuka. Littafin ya nuna cewa barorin gida kusan dukkansu abokan ransu karnuka ne. Masu karatu a can ma sun soki wannan, sun ce yana nuna kamar an halicci wasu ne don bauta. To ku ɗora wannan a kunnen Bahaushe, wanda a wurinsa a ce maka kare ba ƙaramin zagi ba ne. A cikinmu akwai wanda ya tashi a gidan wani mai hali yana yi musu aike da wanki, da haka ya yi karatunsa har ya gama sakandare. Ranar da muka zo wannan gaɓar bai ɗaga murya ba. Cewa ya yi kawai, ashe da a duniyar Lyra aka haife shi, da tun yana shekara goma sha uku an gama yanke masa hukunci, kuma kowa zai gani a gefensa duk inda ya shiga. Aka yi tsit. Wani ya yi ƙoƙarin kare marubucin, ya ce ai ba aikin ne ke sa dabbar ta zama kare ba, mai son bin umarni ne ke neman irin wannan aiki. Ni dai ban ga wannan ya gyara komai ba, ƙara ɓata shi ma ya yi. Yunwa ce ke kai yaro gidan wani, ba hali ba.

Duk da haka bai ajiye littafin ba, shi ya riga kowa gama na uku. Wannan ya sa na gane cewa dokar da ta ɓata masa rai ita ce dai dokar da ta riƙe shi. Da dabbobin ado ne kawai, da ba abin da zai yi masa ciwo.

A nan nake so mu dubi namu rubutun. Dabba abokiyar tafiya ba baƙuwa ba ce a adabinmu. Magana Jari Ce ma littafi uku ne, kuma aku ne ke riƙe da shi: shi ya yi ta jan Musa da labari dare bayan dare don kada ya fita ya faɗa tarkon Waziri, har daga baya shi kansa ya zama waziri. Ga Ƙwalele dokin Iliya. Ba ina auna su da Pan don in ce wani ya fi wani ba, aikinsu daban ne. Akun Abubakar Imam yana da wayonsa da bukatarsa da bakinsa, shi ya sa ya rayu a zukatan mutane tun ƙarshen shekarun 1930. Matsalata da rubuce-rubucen almara da ake kawo mana dubawa a ƙungiya ce. Jarumi yana da shaho mai magana, ko damisa, ko doki mai fuka-fuki, amma ba ka ganinsa sai marubuci ya shiga lungun da ba mafita, sai dabbar ta faɗo daga sama ta cece shi ta koma. Ba ta jin yunwa, ba ta fushi, ba abin da aka hana ta, ba abin da jarumin zai rasa idan ta mutu. Na karanta wani da shahon jarumi ya ɓace babi shida cur, ba wanda ya tambaya, har shi jarumin. Ku kwatanta da abin da ya faru a 2019 da BBC da HBO suka fara nuna waɗannan littattafai a talabijin. Saboda tsadar zana dabbobi da kwamfuta, sai aka riƙa nuna taron mutane ba dabba a gefen da yawansu. Masu kallo da suka karanta littafin suka yi ta ƙorafi, domin an riga an koya musu cewa mutum ba abokin rai abin firgita ne, ga shi an cika musu fuska da irinsu ana cewa ba komai.

Ba zan tsallake batun addini ba, don na san za a tambaya. Pullman bai ɓoye cewa shi ba mai imani ba ne, kuma miyagun labarin wata hukumar coci ce mai suna Magisterium. Littafi na uku ya wuce nan, ya taɓa abin da ni a matsayina na Musulmi ban yarda da shi ba ko kaɗan. Kiristoci ma sun rabu a kai. Ƙungiyar Catholic League ta Amurka ta yi kiran a ƙaurace wa fim ɗin 2007, littattafan kuma suka shiga jerin waɗanda aka fi neman a cire daga ɗakunan karatu a can. A ɗaya gefen, Rowan Williams, shugaban cocin Ingila na lokacin, ya kare su, har ya zauna muhawara da marubucin a bainar jama'a a 2004. Ni ba zan miƙa wa ƙanwata 'yar shekara goma sha uku na ukun in juya baya ba. Ta fuskar rubutu ma, a ganina duk inda Pullman ya hau mumbari yana wa'azin rashin addini, nan labarin ya fi rauni. Mutum biyu a cikinmu sun ajiye shi a tsakiya saboda haka. Amma ko su, da muka haɗu, abin da suka fara tambaya shi ne ko Lyra ta sake haɗuwa da Pan.

Dalilin tambayar shi ne abin da ya faru a bakin ruwan ƙasar matattu. Lyra ta yi alkawarin za ta je ta nemi abokinta Roger, wanda ita ta kai shi ga ajalinsa ba da saninta ba. Mai kwalekwalen ya ce ita za ta iya shiga, amma Pan ba zai shiga ba. Ta cire shi daga jikinta, ta ajiye shi a kan gadar katako, ta shiga jirgi, yana tsugune cikin siffar ɗan kwikwiyo yana kallonta har hazo ya raba su. Abin da azzaluman Bolvangar suka so yi mata da wuƙa suka kasa, ga shi ta yi kusan irinsa da hannunta, don cika alkawari. Sun sake haɗuwa daga baya, amma Pan bai dawo da wuri ba, kuma abin bai koma kamar da ba. Da Pullman ya ci gaba da labarin a The Secret Commonwealth a 2019, Lyra tana da shekara ashirin, ita da Pan ba sa ko jituwa, har ya tafi ya bar ta. Masu karatu da yawa sun ji haushin wannan littafi. Ni ina ganin gaskiya ya bi. Wanda ka bari a bakin ruwa, ko ya yafe maka, ya san za ka iya.

Ƙarshen na ukun kuma ya bar wa mutane wurin zuwa. Lyra da Will, yaron da ya fito daga tamu duniyar, dole kowa ya koma tasa a rufe ƙofofin. Suka yi alkawarin duk shekara, ranar tsakiyar bazara da tsakar rana, kowa zai je ya zauna a wani benci a lambun tsirrai na Oxford, wanda yake akwai a duniyoyin biyu. Bencin na nan da gaske. Mutane na zuwa su zauna, wasu su bar 'yan wasiƙu, kuma yanzu an kafa mutum-mutumin dabbobin a bayansa: Pan, da kyanwar Will, da hankakan marubucin.

Abin da har yau nake kokawa da shi shi ne batun tsayawa a siffa ɗaya. Wani ma'aikacin jirgin ruwa ya ba Lyra labarin abokin aikinsa da dabbarsa ta tsaya a siffar dolfin, ya zama ba shi da ikon hawa tudu har abada, ya kuma nuna mata cewa amfanin tsayawar shi ne mutum ya san ko shi wane ne. A labari wannan doka ce mai kyau, ita ce ƙashin bayan littafin. A rayuwa kuwa ban yarda an gama da mutum yana shekara goma sha uku ba. Ni difloma na yi a harkar akanta, da rana ina zaune a shagon POS, da dare ina rubutu, a gida kuma kullum tambayar ita ce yaushe zan tsaya a abu ɗaya. Abokin namu da ya yi aikin gidan mutane yanzu koyarwa yake yi a firamare.

A zamanmu na ƙarshe a kan littattafan mun yi wasan da kowa ke yi. Zagayen farko zaki biyu aka samu, da damisa, da shaho, ba wanda ya ce jaki ko kaza. Sai 'yar uwar nan da ta ƙi karantawa da farko ta ce ai ba haka dokar take ba, mutum ba ya zaɓar wa kansa, sauran su zaɓa masa. Malamin firamaren aka ba shi raƙumi, ya yi murmushi bai ce komai ba. Ni na so a ce shaho. Suka haɗa baki suka ce hawainiya, wai ga sauya launi ga jan ƙafa wajen miƙa rubutu. Na yi gardama har aka kira magariba, amma da sunan suka ajiye lambata a wayoyinsu.